Ka bar ƙirga zagaye, ka riƙa duba agogo

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka da kyau. Kana so ka rubuta adadin sakan a Serial Monitor, tagar da kwamfuta ke magana da allon ta cikinta, sai Arduino Uno ɗinka ya yi ta turo zafin da na'urar DS18B20 ke aunawa har lokacin ya cika, sannan ya yi shiru. Ka yi amfani da for da delay(1000), amma sakan 60 na komawa kusan minti biyu, da ka gwada ninka adadin da 1000 don samun milisakan kuma, idan ka sa 40 ba ya tsayawa sam. Matsaloli biyu ne daban, kuma duka na sha ganinsu a wajen yaran da ke haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai.

Ta farko ita ce babba. Kai kana ƙirga sau nawa aka zagaya, kana ɗauka kowane zagaye sakan ɗaya ne. Ba haka ba ne. DS18B20 a matakin bit 12 yana ɗaukar har milisakan 750 kafin ya gama awo, kuma laburaren DallasTemperature, idan ba ka canza masa saiti ba, tsayawa yake yi yana jiran awon a cikin requestTemperatures(). Ka haɗa 750 da 1000 na delay, ka ninka da 60, ka ga sakan 105 ke nan. Can lokacinka ya tafi. Wasu za su ce maka ka rage delay zuwa 250. Ni ban ba ka wannan shawarar ba, domin ranar da ka ƙara allon LCD ko katin SD lissafin ya sake wargajewa, sai ka koma kana ta gwaji kamar mai gyaran kabureta da kunne.

Abin da ya kamata shi ne ka rubuta lokacin da aka fara, sannan kowane zagayen loop() ka tambayi millis(), mai ƙirga milisakan tun da aka kunna allon, nawa ya wuce. Ga yadda nake tsara shi:

unsigned long fara, tsawo, naBaya;
bool anaAiki = false;

void loop() {
  if (Serial.available()) {
    long n = Serial.readStringUntil('\n').toInt();
    anaAiki = n > 0;
    tsawo = n * 1000UL;
    fara = naBaya = millis();
  }
  unsigned long yanzu = millis();
  if (anaAiki && yanzu - naBaya >= 1000) {
    naBaya += 1000;
    bugaZafi();
  }
  if (anaAiki && yanzu - fara >= tsawo) anaAiki = false;
}

bugaZafi() naka ne, nan za ka sa karatun na'urar da Serial.println. Ka lura na rubuta naBaya += 1000, ban rubuta naBaya = yanzu ba. Da na biyun, duk ɗan jinkirin da aka samu taruwa yake yi a hankali. Da na farkon kuwa, layin gaba yana fitowa a kan lokacinsa. Kuma bugawa ta zo kafin duba ƙarshen lokaci, in ka juya su layin ƙarshe zai ɓace, ka samu 59 maimakon 60.

Matsala ta biyu, ta 40 ɗin nan. A kan Uno, int bit 16 ne, iyakarsa 32,767. Da zarar ka ninka 33 ko fiye da 1000 a matsayin int, lambar ta cika ta zube. 40,000 na komawa -25,536, idan kuma ka zuba wannan cikin unsigned long sai ya zama sama da biliyan 4. Wato allon naka bai lalace ba, sama da kwana 49 yake shirin yi yana buga maka zafi. Haruffa biyu ne maganin, UL ɗin da ke bayan 1000, wato unsigned long. Abin da ke ruɗa mutane shi ne wannan kuskuren ba ya bayyana a allon ESP32, saboda can int bit 32 ne, sai mutum ya kwafo lambar abokinsa ya rantse cewa tana aiki.

Na guji parseInt() da gangan. Tana karanta lambobi ta bar alamar sabon layi a ma'ajiyar shigarwa, zagaye na gaba sai ta sake tashi, ta jira sakan ɗaya, ta dawo da 0. A tsarin da ke sama 0 na nufin a tsaya, ka ga aikin zai mutu tun bai fara ba. Saboda haka ka saita Serial Monitor a kan Newline ka bar readStringUntil ta haɗiye layin gaba ɗaya. Riba ɗaya da za ka ji daɗinta: tun da babu delay, kana iya rubuta 0 a tsakiyar aiki ya tsaya nan take, ko ka ba shi sabon adadi ya sake farawa.

Game da cikar millis() bayan kimanin kwana 49.7, kada ka damu matuƙar ragewa kake yi, yanzu - fara, da unsigned long. Wanda ke rubuta millis() >= fara + tsawo shi ne zai gamu da ita.

Idan daga baya ka so layuka su fita da sauri, ka tuna a gudun 9600 haruffa kusan 960 kawai ke wucewa a sakan, ma'ajiyar fitarwa ta Uno kuma bayit 64 ce. Tana cika, Serial.print na tsayawa jira. Ka ɗaga zuwa 115200 a ɓangarorin biyu, wato a lambarka da kuma a Serial Monitor. Sannan buɗe Serial Monitor yana sake kunna Uno, lokacin da ka saita ya goge, don haka kar ka rufe tagar ana cikin awo. In kuwa nufinka ka kai ga kwana 21 na ƙyanƙyasa, millis() ba zai isar maka ba, ɗaukewar wuta ɗaya ta mayar da shi sifili. Ka sayi agogon DS3231 mai ɗan batirinsa, ka ajiye ranar farawa a EEPROM, ma'ajiyar Uno da ba ta gogewa in an ɗauke wuta.