Kawo shi shago ranar Asabar

Ɗana, daren jiya muna jan ƙofar shago ka tsayar da ni da maganar ƙanenka. Ka ce bana ya gama Ma'ahadul Amal, makarantar kurame, shekararsa 19, kuma wani kamfani ya aiko a ba da katinsa na ɗan ƙasa a rubuta sunansa cikin ma'aikata, a riƙa tura masa ɗan wani abu duk wata yana zaune a gida. Mahaifiyarku ta karkata can. Kai kuma ranka na son ya zo nan shagonmu na Makka ya koyi ɗinki, sai dai ka tuna abin da nake yawan faɗa muku, cewa tela da kunne yake ɗinki, shi ne ka ce, "Baba, wanda ba ya jin kukan keke, yaya zai zama tela?" Kiran isha'i ya katse mu. Na kwana da maganar, kuma ga amsata a rubuce don ka karanta wa mahaifiyarku.

Zai iya. Ba don in kwantar maka da hankali na faɗa ba.

Da nake cewa tela da kunne yake ɗinki, me kunnen yake gaya masa? Abu uku ne. In allura ta dakushe za ka ji tana dukan yadi tana ƙwas-ƙwas maimakon ta ratsa shi. In keke na ƙishin mai, kukansa yakan bushe. In zare ya sarƙe a ƙasa, sautin yakan sauya kafin ido ya gani. Duk ukun nan akwai wata ƙofar da suke shigowa ban da kunne. Gobe da safe ka toshe kunnuwanka da auduga, ka ɗora tafin hannunka na hagu a kan teburin keken Juki ɗin nan na kusa da ƙofa, ka taka feda. Sai ka cire allurar ka sa tsohuwa daga cikin gwangwanin da nake zubawa, ka sake takawa. Za ka ji bugun ya hau tafinka har gwiwar hannu. Kai sai ka nutsu kafin ka gane shi, domin kunne ya sangarta ka. Shi kuwa tun yana goye da jikinsa yake sanin an rufe ƙofa ko mota ta wuce. A wannan fannin ya riga ka nisa.

Sauran kuma aikin ido ne, gani ya kori ji. Ka koya masa duk taƙi biyu da ya ɗinka ya tsaya ya juya yadin ya dubi bayansa. In ya ga zare ya yi kunnuwa-kunnuwa a ƙasa, zaren sama ne ya yi sako-sako. In yadin ya tattare kamar bakin jaka, ɗaurin ya yi yawa. Allura kuma kada a jira ta yi kuka, a sa mata ranar canji, lamba 11 ga farin yadi mai laushi irin Toyobo, 14 ga mai kauri na hunturu. Wannan ɗabi'ar ma ku masu ji ya kamata ku ɗauka, da an huta da farke ɗinki a watan Sha'aban.

Akwai gyaran da ya hau kaina ni mai shago, kuma duka bai kai kuɗin yadin tob biyu ba, doguwar rigar nan ta maza. Keken da zai zauna a kai za mu juya shi ya fuskanci ɗaki da ƙofa, domin kurman da aka sa ya kalli bango an raba shi da jama'a, kuma duk wanda ya dafa shi ta baya sai ya zabura, ga allura na gudu kusa da yatsa. Tsofaffin kekunan nan biyu injinsu yakan ci gaba da juyawa bayan an kashe makunni, ku kuna jin gurnaninsa, shi ba zai ji ba. Zan sa mai lantarki ya haɗa jan ƙwai a kai, kuma ka koya masa ya taka feda ya ƙarar da juyin kafin ya kai hannu ga allura. Tukunyar tururin guga ma haka, a nuna masa agogonta da inda ake kashe ta. In za a kira shi, a kashe fitilar kansa a kunna sau biyu, ko a buga ƙafa a ƙasa. Duk wanda na kama yana jifansa da ƙyalle don ya waiwayo, ranar zai ji daga gare ni. In an kira salla kuma, kada ku miƙe ku bar shi yana ɗinki shi kaɗai, wanda ke kusa ya ɗaga hannu zuwa kunne ya nuna masa.

Inda aikin yake da nauyi shi ne magana, kuma a nan zan taɓa ku kaɗan, ka yi haƙuri. A gidanku Hausa ake yi. A makaranta da maganar hannu da Larabci aka koyar da shi. Ka ga yaron nan ya shekara 19 ana hira a kansa a tsakar gida, ana dariya, yana bin bakuna da ido. Alama nawa ka iya a maganar hannunsa ban da "zo", "ci" da "bari"? Kada ka ɗauka kai kaɗai ne za ka koyar. Duk ranar da ka nuna masa abu ɗaya a ɗinki, ya nuna maka alamarsa, mu ma mu koya. Ku fara da lambobi, tunda sana'armu awo ce: tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, faɗi. Abin da ba shi da alama ku ƙirƙira masa, wuyan gallabi mai naɗewa a kama wuya a lanƙwasa, wuyan sada mai tsayuwa a tsayar da yatsa biyu, kabak (maɓallin hannun riga) a taɓa wuyan hannu, jabzur (tsagar gaban riga) a ja layi a ƙirji. Kuma kada ka dogara da doguwar takarda. Da yawa daga cikin yaran nan rubutun Larabci yana yi musu nauyi, domin harshe ne da ba su taɓa jin sautinsa ba. Zane da lamba sun fi jimla.

Ka kula da gyaɗa kai. Yaron da ya gaji da cewa a maimaita masa yakan koyi gyaɗa kai don a rabu da shi, ko ya gane ko bai gane ba. A makaranta wannan ba ya jawo asara. A nan gyaɗa kai ɗaya yakan ci mita uku da rabi na yadin mutum. Saboda haka kada ka taɓa tambayarsa "ka gane?" Miƙa masa ƙyalle ya yi a gabanka. Ka kuma nuna masa tun ranar farko cewa a shagon nan wanda ya ce bai gane ba ba a yi masa tsawa. A makaranta akwai jadawali, malami ne ke zuwa inda yake, kowa a aji irinsa ne. A nan mai kaya zai shigo yana sauri yana magana fuska a waige. Watanni ukun farko su ne masu zafi, a cikinsu ne yara irinsa suke komawa gida su ce ba za su iya ba, alhali ba ɗinkin ne ya kore su ba, kaɗaici ne. In an kawo shayi da burodin tamis da safe, a zauna da shi a ci.

Yanzu maganar kamfani. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta Saudiyya, sashe na 28, ta ce duk mai ma'aikata 25 ko fiye, in yanayin aikinsa ya ba da dama, ya ɗauki naƙasassun da aka horar har su kai kashi 4 cikin 100 na ma'aikatansa. A tsarin Niɗaƙat kuma, mai ƙidaya yawan 'yan ƙasa cikin ma'aikatan kamfani, wanda aka fara a 2011, ɗan ƙasa mai naƙasa ɗaya ana iya lissafa shi a matsayin mutum huɗu. An yi haka ne don a buɗe musu ƙofa, kuma wasu kamfanonin sun buɗe da gaske. Amma ka ga inda kwaɗayi ya shigo: ƙanenka yana da katin ɗan ƙasa, sunansa kaɗai ya cike gurbin mutum huɗu a takarda, shi ya sa suke son katin ba su son ganin fuskarsa. Hukuma ma laifi ta ɗauki wannan. Akwai ɗan maƙwabcina a unguwar Shara Mansur da aka yi wa haka. Shekara huɗu kuɗi na shigowa, yana kwana kallon waya yana tashi azahar. Ranar da kamfanin ya daina buƙatarsa aka goge sunan, ya fito ba sana'a, ba abokai, ƙiba ta kama shi, ko gaisuwar mutane ta zame masa aiki. Uwarsa ta zo nan tana kuka a kan kujerar da kake zama.

Ban ce kowane kamfani haka yake ba. In suna son sa da gaske, ku je ku uku, ku ce a nuna muku inda zai zauna, da wanda zai koya masa, da abin da zai riƙa yi daga safe zuwa tashi. A rubuta kwantiragi a Ƙiwa, shafin hukumar ƙwadago, da albashin gaskiya, a sa shi a ta'aminat, wato inshorar ma'aikata. Asusun Hadaf na gwamnati yana da shiri mai suna Tawafuƙ don sama wa masu naƙasa aiki, akwai kuma takardar Muwa'ama da ake ba wuraren da suka gyara muhallinsu saboda su. Ku tambaya ko suna da ita. In suka ce ba sai ya zo ba, ku karɓe katinku. Kuma ku gode wa Allah da yake da wannan zaɓin, domin ka san 'yan uwanmu nawa ne a garin nan da aka haifa a nan, iyayensu ma a nan, amma da iƙama, takardar izinin zama, suke zaune, lissafin huɗun nan bai shafi 'ya'yansu ba.

Abin da ya sa na matsa a kan wannan, na taɓa cutar da wani yaro da tausayi. Shekarun baya aka kawo mini shi, shan inna ta shanye masa ƙafar dama. Na zaunar da shi a lungu yana dasa maɓalli da tsinke zare. In ya yi kuskure ba na magana, sai in gyara da dare. Shekara uku ban taɓa miƙa masa almakashi ba, ina ganin ai tsayuwa a teburin yanka za ta wahalar da shi, kuma ban taɓa tambayarsa ba. Wata rana ya yi mini sallama cikin ladabi ya koma wurin wani tela Bayamane. Mutumin nan doguwar kujera kawai ya sa kafinta ya yi masa daidai tsayin tebur. Bayan shekara biyu na gan shi yana yanka, alli a bayan kunne, mutane na layi. Ya taso da sandarsa ya gaishe ni, bai ce komai ba, ni ma ban iya cewa komai ba. Har yau in na tuna shekaru ukun nan da na cinye masa sai in nemi gafarar Allah.

Don haka ƙanenka ba zai samu rangwame a wurina ba. Wuyan da ya karkace zai farke shi kamar yadda ka farke naka sau bakwai a shekararka ta farko. Zai bi matakan da kowa ya bi: guga da maɓalli wata biyu, kalmasa da dogon ɗinki, aljihu, hannu, sannan wuya, sannan almakashi. Kuɗinsa a hannunsa zan ba shi, ba a hannunka ba, ba a hannun mahaifiyarku ba, ya ƙirga da kansa. Ranar da ya fara awo, zan tsaya a bayansa in gaya wa mai kaya ya dube shi ya nuna abin da yake so. Wanda ya ƙi, ga shaguna nan cike da titi.

In mahaifiyarku ta ce tana tsoron a wulaƙanta shi, tsoronta gaskiya ne, kada ka yi mata musu. Ka tuna mata Aɗa'u ɗan Abu Rabah, wanda ya riƙe fatawar garin nan na Makka a zamanin tabi'ai. Baƙin mutum ne kamarmu, gurgu, hannunsa shanyayye, mai ido ɗaya, daga baya ma ya makance, kuma a gabansa manya suke durƙusawa su tambayi hukuncin aikin hajji. Ka ce mata ta zo da kanta ta ga inda zai zauna, zan sa a kawo mata kujera.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya kamata mu fara da shi. Duk maganar nan da ni da kai da mahaifiyarku muke yi, wa ya tambaye shi? Wataƙila ɗinki ba ya ransa, wataƙila gyaran waya yake so ko aikin kwamfuta, in haka ne ina da wanda zan haɗa shi da shi a unguwar Utaibiyya. Ka zaunar da shi yau, in hannunka bai isa ba ka nemi wani abokinsa na makaranta ko malaminsa ya tsaya muku a tsakani. In ya ce yana so ya gani, kawo shi ranar Asabar bayan la'asar, lokacin shago ba cunkoso. Zan ajiye masa ragowar farin yadin nan na ƙarƙashin tebur da sabuwar allura. Ka ce masa ya zo da ƙaramin littafi da biro.