Amsoshin Tambayoyinku: An Ɗinke Mini Jijiyar Idon Sawu, Me Zan Saya Kafin In Koma Fili?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan ƙwallo ne, ina buga lamba bakwai a wata ƙungiya nan Kano. Sati bakwai ke nan da aka yi mini aiki a idon sawun dama, bayan na daɗe ina fama da targaɗe. Koci ya ce nan da sati uku masu neman 'yan wasa za su zo gwaji. Yayana ya turo mini ɗan kuɗi. In sayi abin ɗaure ƙafa na waje irin wanda aka ce ɗan ƙwallon kwando Stephen Curry yana sawa in shiga gwajin, ko in biya kuɗin gashin ƙashi na asibiti? (Daga Gwammaja)

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi. Ka biya kuɗin gashi, kuma ka haƙura da wannan gwajin. Na san maganar ba za ta yi maka daɗi ba, amma bari ka ji dalili.

Aikin da aka fi yi wa irin ciwonka shi ne wanda likitan Suwidin Lennart Broström ya bayyana a 1966, Gould ya ƙara masa gyara a 1980. Ana janyo jijiyar gefen waje da ta saki, a ɗinke ta a jikin ƙashi. Ɗinkin yana riƙe ta ne kawai, jiki ne ke haɗe ta a hankali. Shi ya sa ake fara sa siminti ko takalmin asibiti, mutum ya yi ta dogara sanda, sai wajen sati shida a ƙyale shi ya taka sosai. Wato kai yanzu ne ma ka fito daga matakin farko.

Dubi Neymar. Ya ji ciwo a wasan PSG da Lille a watan Fabrairun 2023, aka yi masa aiki a asibitin Aspetar da ke Doha a watan Maris, ƙungiyarsa ta ce sai wata uku zuwa huɗu. Bai sake buga wasa a wannan kakar ba. Mutumin da ke da likitoci na kansa da kowace irin na'ura ke nan. Idan kuma an tarar guringuntsin gaɓar ya taɓu, abin yakan wuce haka. Ciwon idon sawu ne ya raba tsohon ɗan wasan Holland Marco van Basten da ƙwallo: wasansa na ƙarshe a 1993, ya yi ritaya a 1995 yana da shekara 30, bayan an yi masa aiki ba sau ɗaya ba.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne, jijiya ba riƙe ƙashi kaɗai take yi ba. Tana kuma sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take. Idan ta yage, wannan saƙon yana rauni, sai ka diro daga tsalle ƙafar ta karkace kafin tsoka ta farga. Likitan tiyata ba zai iya ɗinke wannan ba, sai atisaye. Nan ne aikin masu gashi yake, kuma muna da su a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kayan aikin ma ba su da tsada. Tsohon tiyub na keke ya isa: ka zauna a tabarma, ka ɗaura shi a ƙafar gado, ka saƙala tafin ƙafarka, ka riƙa turawa waje a hankali. Matashin kai kuma ya isa koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya. Amma mai gashi ne zai faɗa maka lokacin fara kowanne.

Kafin ka yi zancen fili, ka iya tsayuwa da ƙafar ido a rufe ba tare da tangaɗi ba. Ka iya ɗage dunduniya da ita kaɗai kamar sau ashirin. Ka tsaya gaban bango, ka kai gwiwa ta taɓa shi ba tare da dunduniya ta tashi ba, nisan yatsunka da bangon ya yi kusan daidai da na ƙafar hagu. Tsallen ƙafa ɗaya ya kai kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar. Ka yi gudu da yanke kwana, washegari ka tashi babu kumburi. Ɗan lamba bakwai da yanke kwana yake cin abinci, kuma filayenmu na unguwa, ga tauri ga ramuka ga tsakuwa lokacin rani, ba sa yafe wa kowa.

Abin ɗaurewar fa? Yana da amfani, yana rage yawan maimaituwar targaɗe, kuma ina so ka sa shi tsawon kakarka ta farko. Gaskiya ne Curry, wanda aka yi wa aiki a 2011 da 2012, ya daɗe yana sa na kamfanin Zamst. Sai dai shi takalmin kwando yake sawa mai faɗi, naka na ƙwallo matsattse ne, irin wannan mai robobi da wuya ya shiga. Nemi mai igiya, wanda ke da maɗauri biyu da ke gittawa ta ƙarƙashin dunduniya. Idan za ka saya, a kantin kayan asibiti ne ko a Sabon Gari, ka tafi da takalmin ƙwallonka da safarka ka gwada a wurin. Mai kama da safa wanda ake zurawa kawai, ɗumi yake bayarwa, ba ya hana ƙafa juyawa. Takalmi kuma ka zaɓi mai gajerun ƙusoshi da yawa, dogayen na filin ciyawa mai laushi ne.

TAMBAYA: Malam, ɗana yana wasan ƙwallon kwando, ƙafarsa ta gurɗe sau da yawa. Likita ya ambaci aiki, kawunsa ya ce a kai shi wurin mai ɗori. Wanne za mu bi? (Wata uwa daga Hotoro)

AMSA: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ina ganin girman masu ɗori, amma jijiyar da ta saki ba karaya ba ce, ja da murza ba sa gajarta ta, suna iya ƙara ɓarna. Haka kuma kada ku yi saurin biyan kuɗin aiki. Yawancin masu targaɗe suna warkewa ba tare da wuƙa ba, kuma likitoci sukan jira a yi wata uku zuwa shida ana gashi na gaske kafin su yanke shawara. Ku tambayi likitan ko an cika wannan. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, sai MRI ko sikanin, tare da gwajin hannu da likita zai yi.

TAMBAYA: Abokaina suna shan tiramadol ko su yi allurar kashe zafi kafin wasa. Ni ma da aka yi wa aiki zan iya? (Daga Fagge)

AMSA: Kada ka kuskura, ƙanena. Zafin nan shi ke gaya maka ɗinkin ya gaji. Ka kashe shi, sai ka ci gaba da gudu a kan jijiyar da ke yagewa ba ka sani ba. Ga jaraba, wadda mun ga abin da ta yi wa matasa a garin nan. Sannan hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta tiramadol lokacin gasa tun daga Janairun 2024, wanda aka kama yana iya fuskantar dakatarwa. Idan har ƙafar ba ta iya wasa sai da magani, ka koma wurin likitan da ya yi aikin ya sake duba ta.