Sai da zaure da labule ake yin wasan kwaikwayo?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Muna da 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo a nan Garwa, a harabar makaranta muke nunawa. Wani ya ce mana abin da muke yi ba wasa ne na gaske ba, tunda ba mu da zaure mai dandamali da labule. Haka tarihin yake?

Amsa: Ƙanena, wanda ya gaya maka haka irin dandamali ɗaya kawai ya sani, kuma wannan irin shi ne ɗan auta a cikinsu. Dandamalin da ake kallo ta gaba kaɗai, kamar hoto a cikin firam, a Italiya ya kafu. Gidan wasan Farnese na birnin Farma, wanda aka kammala a 1618, yana cikin na farko-farko. Kafin nan an shafe kusan shekara dubu biyu ana wasa a sarari.

Girkawa a gefen tudu suke sassaƙa kujeru, su bar fili zagayayye a ƙasa don masu waƙa da rawa. Na Efidaurus, da aka gina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana da layin kujeru 55, yana ɗaukar mutum wajen 14,000, kuma na can ƙololuwa yana jin maganar ɗan wasa ba tare da lasifika ba. Bayan filin akwai 'yar rumfar sauya kaya da suke kira skene. Daga nan kalmar "scène" da kuke ji a ajin Faransanci ta fito, wato asalinta bukka ce. Rumawa suka zo suka mai da bukkar katafaren bango na dutse, kuma ba sai ka je Turai ba, har yau irinsu na tsaye a Sabrata ta Libiya. Ko gidan wasan Globe na Landan, na 1599, tsakiyarsa ba rufi, talakawa a tsaye suke kewaye dandamalin ta gefe uku.

Na Japan ya fi burge ni. A wasan Noh dandamalin katako ne, ba labule a gabansa, sai zanen bishiya guda a bangon baya. A da, a ƙarƙashin katakon sukan ajiye manyan tuluna domin idan ɗan wasa ya buga ƙafa, ƙarar ta amsa. Ka ga an gina wurin ne don kunne, ba don ido kaɗai ba.

Mu kuma dandali muka gada. Yaran da ke tashe bayan goma ga azumi, da gemun auduga da tumbin tsumma, ƙofar gida ce dandamalinsu. 'Yan kama a kasuwa suke buɗe fage. A Marakesh ta Maroko ma da'irar mutane ake yi, suna ce mata halka. Abin yana ci mini rai in ga matasanmu suna raina wannan, alhali da shi suka tashi.

Shawarata, ku yi amfani da harabar da dabara. Ku ba wa bango baya don ya maido muku da murya, ku zaunar da mutane rabin da'ira, yara kan tabarma a gaba, manya kan benci a baya. Ku fara bayan la'asar, rana tana bayan 'yan kallo, don haskenta ya sauka a fuskokinku.