Amsa ga makaniken da ke son komawa gyaran jirgin sama

Wa alaikumus salam. Ɗana, na karanta tambayarka: shekara tara kana gyaran mota a bakin tashar Ringim, kana son ka san ko wannan hannun zai kai ka gyaran jirgin sama, da kuma abin da ake dubawa a jikin jirgi kafin a ce ya cancanci tashi. Na ga wasu sun ce maka inji ai inji ne. Ni na yi aikin nan har na yi furfura a cikinsa kafin in dawo ƙauyenmu nan wajen Gumel ina noman riɗi, don haka bari in ɗan tsoma baki.

Hannunka zai yi maka amfani, amma akwai halin gareji da dole ka tuɓe a bakin ƙofa. A gareji in ka gama sai ka ce wa direba, je ka gwada, in ta ƙara yi ka dawo. Ka saurari inji da kunne, ka ɗaure noti har sai hannunka ya gaya maka ya isa. A jirgi kowane noti yana da ƙarfin ɗaurinsa a rubuce cikin littafin kamfanin da ya ƙera jirgin, da sifana mai awo ake ɗaure shi, ita kanta sifanar tana da ranar da za a kai ta a gwada gaskiyarta. Ko ka yi aikin sau dubu, littafin a buɗe yake a gabanka. Na sha ganin masu kaifin hannu sun kasa zama saboda wannan kaɗai, gani suke raini ne.

Shi duban jirgin hawa-hawa ne. Akwai zagayen da ake yi kafin kowane tashi, akwai na kullum, sai duban A, sai na C da ake kwantar da jirgi makonni, sai babban, na D, wanda ake kwashe kujeru da daɓen ciki a bar shi kamar kwarangwal. Abu biyu muka fi farauta a gangar jiki: tsatsa da tsagewa. Tsatsar alminiyam ba ja ba ce irin ta ƙarfen mota, fari-fari take fitowa kamar an barbaɗa kanwa, kuma ta fi son ƙarƙashin banɗaki da wajen haɗa abinci, inda ruwa ke tsiyaya a ɓoye. Tsagewa kuwa gajiya ce. Duk tashi ana cika cikin jirgi da iska don fasinja su yi numfashi, jikin ya ɗan kumbura, in ya sauka ya saki. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta ka ga inda za ta kai. Shi ya sa ba awannin tafiya kaɗai ake ƙirgawa ba, har da yawan tashi da sauka. A 1988 wani jirgi ƙirar Boeing 737 a jihar Hawai ta Amurka, da ya yi tashi kusan 90,000, rufinsa ya yaye a sararin sama, ma'aikaciya ɗaya ta rasu.

Kayan aikin farko ba wasu na a zo a gani ba ne: tocila, ɗan madubi mai mariƙi, gilashin ƙara girma. Ba a haska tocila kai tsaye, kwantar da ita ake yi a jikin fatar jirgi, hasken ya bi ta gefe, sai ƙaramin lotsawa ya yi inuwa. In ka ga baƙin layi ya biyo bayan ƙusar ribit kamar kwalli ya zubo, to ta fara motsi a raminta. Inda ido ya gaza akwai jan ruwa da ke shiga tsaga ya tona ta, akwai na'urar lantarki da ke jin tsaga a ƙarƙashin fenti, amma waɗannan sai mai takardar ƙwarewa ta musamman.

Mu nan Arewa muna da namu ƙarin. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Sai zanzaro. Wata safiya, wani ƙaramin jirgi da ya kwana huɗu a ajiye, na leƙa bututun da ke auna gudunsa na ga bakin ya yi duhu. An manta ba a sa masa murfi ba, zanzaro ya kai laka ya fara gini. Ramin bai kai kaurin fensir ba, amma da an tashi haka, agogon gudu ƙarya zai riƙa yi wa matuƙi. Mai jirgin yana ta duba agogon hannunsa yana huci, na ce ranka ya daɗe, sai an kwance an wanke an gwada. Ya kwana yana fushi da ni.

A nan nauyin aikin yake. Jirgi ba ya cancantar tashi don yana da kyan gani. Sai yana daidai da yadda aka amince da ƙirarsa, an cika duk umarnin gyaran dole da hukumomi suka fitar a kansa, takardar shaidar lafiyarsa tana aiki, sannan mai lasin ya sa hannu. Abin da ba a rubuta ba, a wurinmu ba a yi shi ba. Aikin da ya taɓa igiyoyin sarrafa jirgi kuwa sai mutum na biyu ya sake dubawa ya sa nasa hannun, ko da kai ne ubangidansa. Dattawanmu ba su manta da 11 ga Yuli 1991 ba, ranar da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta ya faɗi, mutum 261 suka rasu. Allah ya jiƙan su. Bincike ya nuna tayoyi ne ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka, aka tashi don kada a makara.

Hanyar shiga: lasin daga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, yake fitowa, bayan karatu da jarrabawa da shekarun aiki a ƙarƙashin masu lasin. Kwalejin koyon sufurin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ce babbar ƙofa. Za su nemi sakamakon sakandare mai kyau, musamman Turanci da lissafi da fiziks. Turancin kada ka raina shi, littattafan gyara galibi da shi aka rubuta su, kalma ɗaya in ka juya ta ka ɓata aiki. Shekarunka tara a tasha ba za a ƙirga maka su a lasin ba, gara ka ji daga bakina tun yanzu.

Ba ka faɗi matakin karatunka ba. In takardar sakandaren ba ta cika ba, fara gyara ta bana. Kafin nan, daga gobe ka riƙa ƙirga sifanunka kafin ka fara aiki da bayan ka gama, ka sayi littafi ka riƙa rubuta duk motar da ka taɓa da abin da ka canza mata. In ka yi wata uku kana haka, ka sake yi mini magana a nan.