Akwatin ƙaramar hukuma da ya ƙi bin jiha

Ƙanena na ga saƙonka tun jiya da daddare, ka ce ka haɗa rahoto a SSRS (manhajar haɗa rahoto ta SQL Server) mai akwatin zaɓi biyu, jiha da ƙaramar hukuma, amma ko Kano ka zaɓa sai na biyun ya juye maka duka 774 na ƙasar nan, alhali 44 ɗin Kano kawai kake so. Kwantar da hankalinka, ɗaure su da juna ne ba ka yi ba.

Ka ɗauke su uwa da 'ya. Jiha ce uwa, ƙaramar hukuma 'yarta, kuma kowacce da kwerinta daban, wato umarnin da ke ɗauko mata jerinta daga rumbun bayanai. A kwerin 'yar ka saka WHERE JihaID = @Jiha, sai ka shiga Available Values na faramitar, wato akwatin zaɓin ƙaramar hukumar, ka nuna mata wannan kwerin. Sannan ka duba jerin faramitocin nan na gefen hagu, dole uwa ta zauna sama da 'ya don SSRS daga sama yake karantowa, in ka juya su zai jefo maka saƙon nan na "forward dependencies are not valid", ka danna 'yar kibiyar ka hau da jiha sama shikenan. In ka yi daidai za ka ga akwati na biyu ya dishe, ba ya dannuwa sai an zaɓi jiha tukuna.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kar ka kuskura ka ɗaura da suna, da lamba ake ɗaurawa. Suna ya tafi Label don idon mai aiki, lamba ta zauna a Value. Akwai ƙaramar hukumar Nasarawa a Kano, akwai wata a jihar Nasarawa. Obi na Binuwai, Obi na Nasarawa. Bassa na Filato, Bassa na Kogi, haka Surulere a Legas da Oyo. Ni wannan ya taɓa ƙona ni wallahi, na yi wa wani ofis rahoto da suna na tace, sai ga lissafin Nasarawa biyu sun haɗe a layi ɗaya, kuma babu wani jan rubutu da ya fito, rahoton tsaf da shi har an buga a takarda, wata baiwar Allah da ta san mutanen wurin ce ta ɗora yatsa a kan layin ta ce malam wannan adadin ya yi yawa. Ranar gumi na sha ba kaɗan ba.

In kana so a iya zaɓar jiha fiye da ɗaya, alamar = ba za ta yi ba, IN (@Jiha) za ka saka. Amma in ta stored procedure kake bi, wato kwerin da aka ajiye a cikin sabar ake kiransa da suna, lambobin a dunƙule suke isa, rubutu ɗaya mai waƙafi a tsakani, sai ka warware su da STRING_SPLIT, shi kuma daga SQL Server 2016 ya fara, don haka ka duba sabarku tukuna.

Sai wani hali nashi da ke cutar mutane. Mutum ya zaɓi Kano, 44 ɗin duk sun samu maki, wato alamar an zaɓe su, sai ya dawo ya ƙara Jigawa, 27 ɗinta za su bayyana a jerin amma ba maki, saboda muddin tsohon zaɓin na nan daram SSRS ba ya taɓa shi. Mutum ya danna View Report yana zaton 71 ya gani. Ni abin da nake yi, a saman rahoton nake rubuta abin da aka zaɓa da Join(Parameters!Karama.Label, ", ") har da Count a gefe, kowa ya ga abin da ya ɗauko da idonsa.

Ka gyara yau, ka gwada Kano ita kaɗai, ka gwada Kano da Nasarawa tare, ka ƙara Jigawa daga baya ka ƙirga makin, sai ka ɗauko min hoton sikirin ɗin ka turo kafin magariba in sha Allah mu duba tare.