Ba a gyara wa mace madafa ba ta nan

Uwata,

Saƙonki ya same ni bayan la'asar, na karanta shi har sau biyu. Sannu da aiki. Ki gaishe mini da maigidanki da yaran.

Kin ce manhajar da kuke buɗe takardu da ita a ofis, kuna karantawa, kuna gyarawa, kuna sa hannu, ta wayi gari da sabuwar fuska. Maɓallan da ke dama sun koma hagu, jerin umarnin da ke sama an tattara shi an ɓoye bayan wasu 'yan layuka uku. Dattijon akawunku, wanda shekarunsa na aiki sun kusa kai naki na haihuwa, ya rasa inda ake haɗa takardu biyu su zama ɗaya, ga mutane tsaye suna jira. Ransa ya ɓaci, ya ce a mayar masa da tasa ta da. Ke kuma kika ce masa a gaban jama'a, "Baba, sabo turken wawa, zamani riga." Tun daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa ku. Kina tambayata ko a al'adarmu laifi ne yaro ya nuna wa babba hanya, kuma wa ke da gaskiya tsakaninku.

Ba zan ɓoye miki ba, kin yi kuskure, kuma kuskuren biyu ne. Na farko wurin da kika yi maganar, na biyu yadda kika fahimci fushin nasa. Zan fi daɗewa a kan na biyun, domin shi ya haifi na farkon.

Ki tuna madafar takwararki, Allah ya ji ƙanta. Ko an ɗauke wuta da dare, takan miƙa hannu ta ɗauko muciya, ta miƙa ta ɗauko mara, ta san inda maburgi yake da inda kwalbar kanwa take, ba ta dubawa. Wata shekara da ta tafi zaman makoki Zariya, wata 'yar'uwa da ta zo taya mu zama ta share madafar tas, ta jera komai bisa tsari, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Wallahi ya fi kyan gani, kuma da kyakkyawar niyya ta yi. Amma da Inna ta dawo, a daren farko miya ta kama a tukunya tana laluben ludayi. Ba ta yi faɗa ba, sai dai washegari ta mayar da kowane abu mazauninsa. Daga nan na gane dalilin da ya sa ba a gyara wa mace madafa ba ta nan, ko da uwar mijinta ce. Haka ɗan koyo a maƙera ba ya matsar da awartaki ko masaba daga inda maigida ya ajiye, domin ƙarfe ba ya jiran a nemo kayan aiki, hucewa yake yi. Haka ba a sa wa wanzami hannu a zabira. Wanda bai sani ba yana ɗauka camfi ne ko son girma. A'a. Rabin gwanintar mai sana'a a hannunsa take zaune, kuma hannu wuri yake haddacewa. Idan kika sauya wurin, kin kwashe masa wani abu da ya tara shekara da shekaru, ko da ba ki ɗauki tsinke ba.

Ni shaida ce, domin da wannan hannun na ci abinci. Na fara aikin buga takardu a kan tafireta, da takardar kabon, da sitensil da ake kai wa injin gurzawa. Idan Hausa muke bugawa, sai mun gama mu bi ƙ da ɗ da ɓ da biro muna yi musu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Malamar da ta koya mana takan rufe mana maɓallan da kwali don kada ido ya taimaki yatsu. Da kwamfuta ta zo, WordPerfect muka fara koya, mai shuɗin allo, wadda F10 ke adana aiki, Shift da F7 su kai shi ga bugawa. Har yau in na rufe ido yatsuna suna tuna wannan. Kin san ma jerin haruffan da ke kan wayarki, mai farawa da Q, W, E, R, T, Y, tun tafiretar Remington ta 1874 yake? An ƙirƙiro wasu jerin daga baya, masu su suna cewa sun fi sauri, amma duniya ba ta bi ba, saboda babu wanda zai iya biyan hannayen mutane ladan sake koyo. Wannan sabon ba na wawa ba ne.

Kuma kada ki zaci Babanku kaɗai ne. Ɗaya daga cikin fitattun irin wannan rigima ita ce ta 2007, lokacin da kamfanin Microsoft ya fito da sabon Office, wato tarin manhajojinsa na aikin ofis, ciki har da Word ta buga takardu. Aka cire jerin nan da kowa ya haddace, File, Edit, View, Insert, Format, aka kawo wani faffaɗan zani a saman allo mai suna Ribbon, maɓallai a baje a kansa rukuni-rukuni. File kanta aka mayar da ita wani ƙawataccen da'ira a kusurwar hagu, wanda mutane da yawa suka ɗauka tambarin kamfani ne kawai, ba su san ana danna shi ba, alhali a cikinsa adanawa da bugawa suke. A lokaci guda aka sauya salon harafin da takarda ke buɗewa da shi daga Times New Roman zuwa Calibri, aka buɗa tazarar layuka, aka kawo sabon nau'in fayil na docx wanda tsohuwar Word ba ta buɗe shi sai an ƙara mata wani abu. Ba a kuma bar ƙofar komawa tsohuwar fuskar ba, har wasu ƙananan kamfanoni suka riƙa sayar da 'yar manhaja da ke dawo da tsohon jerin. Abin lura shi ne, waɗanda suka fi kuka su ne gwanaye, sakatarori da akawuna da masu aikin lauya. Sabon shiga bai yi asarar komai ba, domin ba shi da abin da ya tara.

Adalci ne in faɗa miki hujjar masu sauyin, don suna da ita. Umarnin da ke cikin Word ta 2003 sun haura 1,000, an cusa su lungu-lungu, har mutane kan rubuta wa kamfanin suna roƙon a ƙara abin da tuni yana ciki ba su gan shi ba. Ɗakin ya cika, gyara ya zama dole. Ni ma na yarda da haka, kuma yaran da suka tashi da Ribbon ba su san wata fuska ba. Sai dai ki duba abin da ya biyo baya. A Office na 2010 an cire da'irar nan, an dawo da kalmar File ɓaro-ɓaro, an kuma ba mutum damar jera maɓallan yadda ya ga dama. A 2012 Windows 8 ta fito babu maɓallin Start, aka yi ca, a 2013 aka dawo da maɓallin, a 2015 Windows 10 ta dawo da jerinsa. Da kamfanin Adobe ya sauya fuskar Acrobat, manhajarsa ta buɗe takardu da sa musu hannu, a 2023, ya bar wani wuri a cikin jerin umarni da mutum zai danna ya koma tsohuwar. Ashe kukan masu aiki ba taurin kai ba ne, tunda masu abin da kansu sun saurara sun ja da baya a wasu wuraren.

Abin da ya fi ci mini rai a zamanin nan shi ne rashin sallama. A da, in an sayo manhaja a faifai, tana nan yadda take har ranar da ofis ya yanke shawarar sauyawa, a sanar da ma'aikata, wani lokaci a tura su kwas. Yanzu haya ake biya wata-wata ko shekara-shekara, kayan kuma ta intanet suke sabunta kansu cikin dare. Mutum ya tashi aiki ranar Alhamis ya bar teburinsa lafiya, ya dawo ya tarar an shiga an jujjuya masa komai. Mu a wurinmu ko ɗakin ɗanki ba kya faɗawa sai kin yi sallama. To ina ga wurin neman abincin mutum?

Yanzu ki sa kanki a matsayinsa a wannan safiya. Mutumin da kowa ke zuwa wurinsa tambaya, ga shi yana lalube a gaban baƙi kamar wanda ya fara aiki jiya. Ba maɓallin ne ya ƙona masa rai ba, kunya ce. A daidai lokacin da yake bukatar a rufa masa asiri, sai 'yar cikinsa ta jefe shi da karin maganar da ke da kalmar wawa a ciki. Na san ba shi kike nufi ba. Amma kunnen da ya ji, da kunnuwan da ke wurin, ba niyyarki suka ji ba.

Game da tambayarki, al'ada ba ta hana yaro koya wa babba ba, ba ta taɓa hanawa ba. Dattawa nawa ne suka zauna gaban matashin malami suna ɗaukar karatu? Ni kaina wani yaro ɗan bautar ƙasa ne ya nuna mini cewa a Word in na buga 0199 na danna Alt da X, sai ƙ ta fito da lanƙwasarta, 0257 ta ba da ɗ, 0253 ta ba da ɓ. Bayan shekarun da na yi ina bin haruffa da biro, ranar har ƙwalla na yi. Amma ki ji yadda ya yi: ya jira sai da kowa ya fita salla, ya ja kujera ya zauna ƙasa da ni, ya ce, "Hajiya, na ga wani abu, ko za ki duba mini in daidai ne?" Ya bar ni na danna da hannuna. Bai taɓa ambata wa kowa cewa shi ya koya mini ba, ni ce na riƙa yaɗawa. Abin da al'ada ta tsara ke nan: a keɓe, da murya ƙasa, ba a karɓe abin daga hannunsa, kuma ba a mayar da shi labari.

Saboda haka gobe ki riga kowa zuwa. Ki gaishe shi yadda kike gaida mahaifinki, ki ce, "Baba, na yi wauta rannan, a yafe mini." Kada ki ƙara da "amma". In ya ce ya wuce, sai ki nemi izinin duba kwamfutarsa. Ki bincika ko manhajar taku tana da wurin komawa tsohuwar fuska. In akwai, ki mayar masa, ki kuma gaya masa gaskiya cewa irin wannan ƙofa ba lallai ta dawwama ba, gara ya riƙa leƙa sabuwar a ranar da babu cunkoso. In babu, ki tambaye shi ayyuka biyar ko shida da ya fi yi kullum, ki rubuta masa a 'yar takarda da manyan baƙaƙe inda kowanne ya koma, ya manna a gefen allo. Ki tuna masa cewa Ctrl da P, da Ctrl da S, da Ctrl da F galibi suna nan inda ya san su, domin masu sauya fuska ba kasafai suke taɓa waɗannan ba. Sannan ki je wurin mai kula da kwamfutocin ofis ɗinku, ki roƙe shi nan gaba ya riƙa sanar da mutane kafin sabuntawa ta sauka, ko da kwana biyu ne.

In kin yi, ki rubuto mini yadda kuka ƙare. Ki kuma gaya wa mamanki ina nan tafe bayan salla in Allah ya yarda.

Gwaggonki.