Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan takayyus

Wa alaikumus salam. Ƙanwata da kika ce al'adarki sai ta yi wata uku ba ta zo ba, ga gashi ya fara tsiro miki a haɓa, likita ta ce takayyus ne (wato PCOS, rikicewar hormon da ke hana ƙwan mace nuna ya fita), ke kuma ba kya son ƙwayoyi: wallahi ina karantawa jikina ya yi sanyi, kamar ni na rubuta.

Ni bakin mutane ya fi ciwon cina. Wani suna aka yi a unguwar Hindawiyya a Jidda, falo cike da mata, ana zagayawa da gahawa da dabino, yayar maigidana ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke dai kullum ƙara faɗi kike, ai kitse ne ya toshe mahaifar. Ga gemu ma ya fara sallama." Aka kwashe da dariya. Jaririn yana hannuna fa lokacin. Na rasa wa zan miƙa wa shi, hannuna na rawa, da ƙyar na kai banɗaki na buɗe famfo don kar a ji kukana. Kuma matar nan ita ke sayar min da robobin tsimi wai daga gida aka kawo, ta karɓi riyalolina, ta juya tana zuga ƙaninta ya ƙaro aure. Ban ce Allah ya isa ba, amma har gobe gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ciwon da ke kama kusan mace ɗaya cikin goma, a falon nan ma na tabbata ba ni kaɗai ba ce, shiru kowa ta yi.

To, ki fara da bakinki. Yawancinmu jikinmu ba ya jin insulin (sinadarin da ke daidaita sukari) sosai, sai ya taru a jini, ya tunzura sinadarin maza, shi ne gashin da ƙurajen, ƙwai kuma ya ƙi nuna balle ya fita. Duba bayan wuyanki, in ya yi baƙi kamar dauɗa kuma ba ya wankuwa, alamarsa ke nan. Burodin tamis da shayi mai zaƙi da safe, tulin kabsa da dare, Vimto da azumi, su na rage. Na koma ful da ƙwai, kifi, jarjir, mulukiyya, shinkafar kuma kaɗan. Ba sai kin zama siririya ba, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki ma yana iya dawo da al'ada, wato mai kilo 80 ta sauke 4 zuwa 8. Bayan Isha'i in zafi ya lafa ki taka, minti 30, kwana biyar a mako, ko a bakin teku a Kurnish ko a layinku.

Na wajen attar, masu maganin gargajiya, kuwa, shayin na'ana'a nake sha kofi biyu a rana, wasu suna haɗawa da ganyen bardaƙush, ƙirfa kuma a ɗan barbaɗa. Taimako ne, ba warkarwa ba, gashi kuma sai an yi watanni kafin a ga ya ragu. Amma don Allah duk haɗin da aka ƙulla a leda ba sunan abin da ke ciki, ki bar musu kayansu. In kina zargin ciki ya shiga, ki dakatar da hulba da duk ire-irensu sai kin tambayi likita.

Ki yi tahlil, wato gwajin jini, na bitamin D. Muna ƙasar rana amma ba ta ganin fatarmu, daga ɗakin AC sai mota. Su duba sukari, da gudda (thyroid na maƙogwaro), da hormon ɗin nono, don su ma suna rikita al'ada.

Inda ba zan goyi bayanki ba shi ne gudun asibiti gaba ɗaya. Al'ada ta wuce kwana 90 ba wasa ba ne, bangon mahaifa kauri yake yi, in ya daɗe a haka yana iya zama babbar matsala. Ƙwayar 'yan kwanaki za su ba ki ta sauko. Ni Glucophage, maganin sukari, aka ɗora ni a kai, farko ya hautsina min ciki, daga baya jiki ya saba. In haihuwa ake nema akwai letrozole mai sa ƙwai ya fita, mata da yawa masu irin namu sun goya.

Sannan shi ma maigidan ya je a gwada shi. Kullum mu ake ɗirka wa magani, su suna zaune. Nawa sai da likitar ta ce ba za ta rubuta min komai ba sai ta ga takardarsa, sannan ya tashi.